Kiɗan ka tsana, ko masu kiɗan?

Akwai wata magana da nake yawan ji duk inda hirar waƙa ta taso: "Ni fa ina jin kowane irin kiɗa, ban da…" Abin da ke biyo bayan wannan "ban da" ɗin shi ya dame ni. Wani ya ce ban da rap, wani ya ce ban da hebi-metal (kiɗan rok mai tsananin ƙara), wani kantiri (waƙoƙin karkarar Amurka), wani kuma ya ce duk waƙar da aka gyara wa murya da na'ura ba ya ƙaunar jin ta. Sai ka ga mai maganar ya faɗe ta cike da gamsuwa, kamar wanda ya nuna shaidar cewa shi mai hankali ne. Ni ma na daɗe ina faɗin irinta. Wanda ya sa na daina kuwa yaro ne ɗan shekara 16, ɗan ƙanwata.

Wata rana yana zaune kusa da ni yana sauraron rap a waya. Na ce masa, "Kai, kashe mana wannan hayaniyar, wannan ai ba waƙa ba ce." Ya rage sautin, bai yi musu ba. Can sai ya ce, "Kawu, don Allah in tambaye ka? A cikin irin waɗannan waƙoƙin, wacce ka taɓa ji tun daga farko har ƙarshe?" Babu ko ɗaya. Shekara da shekaru ina yanke hukunci a kan wani babban fanni na kiɗa, wanda ya faro tun shekarun 1970, mai dubban mawaƙa a harsuna barkatai, alhali abin da na sani game da shi bai wuce gutsattsarin da ke faɗowa kunnena daga motar da ta gifta ba. Da na keɓe na binciki raina, sai na tarar abin da nake ƙi wani hoto ne da ke kaina: samari masu saɓule wando, masu ɗaga kafaɗa, waɗanda tuni na gama yanke cewa ba su da tarbiyya. Kiɗan ya zame mini hanyar faɗin abin da kunya ba za ta bar ni in faɗa a kan mutanen ba. Ga shi kuma ɗaya daga cikin mutanen nan yana zaune a gabana, yaron da na sani da ladabi tun ana goya shi.

Tun daga ranar nake kan wannan ra'ayi. Kowa na da damar ya ƙi waƙa, ba a yi wa kunne dole. Amma idan mutum ya tashi ya yi wa nau'in kiɗa guda kuɗin goro, ya ce gaba ɗayansa shara ne, to galibi maganarsa ta wuce sauti. Masu yin kiɗan da masu sauraronsa yake nufi, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai wani gwaji da ya fi duk hujjar da zan iya kawowa nauyi. A 1996 wata mai binciken halayyar ɗan Adam a Amurka, Carrie Fried, ta ɗauko baitocin wata tsohuwar waƙa ta 1960, wadda wasu mawaƙa farar fata suka rera, mai ba da labarin wani da ya harbe ɗan sanda. Ta rubuta baitocin a takarda ta raba wa mutane. Wasu ta ce musu waƙar rap ce, wasu ta ce kantiri ce, wasu kuma ta ce waƙar gargajiya ce. Kalmomin iri ɗaya ne sak, ba a ƙara ko wasali ba, kuma babu wanda ya ji sautin komai. Waɗanda aka ce wa rap ce su suka fi ganin munin waƙar, su suka fi cewa tana da haɗari kuma ya kamata a sa mata takunkumi. Da aka sake gwajin da hoton mawaƙi, aka nuna wa wasu baƙar fata wasu kuma farar fata, sai hukuncin ya fi tsanani a kan baƙin. Bayan shekara 20, a 2016, wasu masu bincike a Kalifoniya suka maimaita gwajin sunan nau'in waƙar, suka sami sakamako irin na farko. To a nan me mutanen suka ƙi? Ganga ba ta buga ba, murya ba ta tashi ba. Suna kawai suka ji, sunan ya kawo musu hoton wasu mutane, suka yanke wa hoton hukunci.

A wannan shekarar ta 1996 kuma wata masaniyar zamantakewa, Bethany Bryson, ta nazarci amsoshin da Amurkawa suka bayar a wani babban binciken jin ra'ayi na 1993, inda aka jera musu nau'o'in kiɗa 18 aka tambaye su wanne suke so, wanne suke ƙi. Ta gano cewa masu zurfin karatu sun fi sauran jama'a buɗaɗɗen kunne, abin da suke ƙi bai da yawa. Sai dai 'yan nau'o'in da suke warewa su ƙi, su ne dai waɗanda masu sauraronsu suka fi ƙarancin karatu: hebi-metal, rap, kantiri da waƙoƙin coci. Ka dubi waɗannan huɗun da kyau. Ta fuskar sauti babu abin da ya haɗa su, tsakanin hebi-metal da waƙar coci akwai tafiyar kwana da kwanaki. Abin da ya haɗa su shi ne matsayin masu jin su. Pierre Bourdieu, masanin nan na Faransa, tun 1979 ya yi bayanin cewa zaɓin mutum yakan fara ne daga ƙyamar zaɓin wasu, da shi yake shata iyaka tsakaninsa da waɗanda yake ganin ya fi. Wato "ban da" ɗin nan katanga ce, mai faɗin ta yana sanar da kai gefen da yake tsaye.

Idan katangar ta tsaya a hira, da sauƙi. Matsalar ita ce takan faɗa hannun masu iko. A Jamus ta zamanin 'yan Nazi an hana sa jaz a rediyo a 1935. A 1938 aka shirya baje koli a birnin Dusseldorf na abin da suka kira gurɓataccen kiɗa, hoton tallarsa kuwa zanen izgili ne na baƙin mutum yana busa saksofon, an liƙa masa tauraron Yahudawa a ƙirji. Ba su ma ɓoye ba, sun zana a fili waɗanda suke nufi. A 1941 aka kama ɗaruruwan matasa a Hambug saboda son irin wannan kiɗa da rawarsa, aka tura wasunsu sansanonin azabtarwa. Wani zai ce ai waɗannan 'yan Nazi ne, ba a misali da su. To ga na kusa: daga 2005 zuwa 2017 'yan sandan Landan suna da wata takarda, mai lamba 696, da masu shirya wasu bukukuwan kiɗa za su cike kafin taro. Tana tambayar irin kiɗan da za a yi, a farkonta ma har da tambayar ƙabilar waɗanda ake sa ran za su halarta. Mawaƙa baƙar fata suka yi ta kukan cewa su ake takura wa da ita, har aka soke ta. A kotunan Amurka kuwa an sha karanta baitocin rap a gaban masu yanke hukunci a matsayin shaidar cewa wanda ake tuhuma mugu ne, abin ya yi yawa har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2022 don taƙaita hakan. Ka tuna da gwajin Fried, sannan ka yi tunanin mutanen da aka raba wa baitocin a wancan gwajin su ne zaune a kotu, rayuwar wani saurayi na hannunsu.

Kada a ce na ce duk ƙin kiɗa ƙin mutane ne. Kunne ma yana da nasa rabon, kuma rabon ba ƙarami ba ne.

Babban abin da ke juya kunne shi ne sabo. Tun 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna a gwaje-gwajensa cewa yawan cin karo da abu kaɗai kan sa mutum ya ƙara son sa. Kiɗa kuwa daɗinsa na tattare da hasashe: ƙwaƙwalwa na tsammanin inda amon zai nufa, wani lokaci ya bi inda ta zata ta ji sanyi, wani lokaci ya ɗan kauce ta ji mamaki mai daɗi. Idan ba ka san ƙa'idar wani kiɗa ba, ba ka da abin da za ka yi hasashe da shi, komai sai ya zo maka a dunƙule kamar harshen da ba ka ji. Shi ya sa kowa ke cewa waƙoƙin nau'in da ba ya so "duk iri ɗaya ne". Ga ma'abocin nau'in kuwa bambancin kamar dare da rana yake. Hatta abin da aka daɗe ana ɗauka halitta ce, wato fifita sautukan da suka jitu a kan masu karo da juna, an gano akwai hannun sabo a ciki. A 2016 Josh McDermott da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a tsakanin mutanen Tsimane, mazauna dajin Amazon a Bolibiya, waɗanda ba su cika cuɗanya da kiɗan Turawa ba. Amurkawan da aka gwada sun fifita sautuka masu jituwa ƙwarai, mazauna biranen Bolibiya sun fifita su kaɗan, su kuwa Tsimane duka biyun ɗaya ne a kunnensu. Amma sauti mai kaushi, mai ƙarzar kunne, su ma ba su so shi ba. Ke nan akwai ɗan abin da aka haife mu da shi, sauran kuma koya muka yi.

Abin da aka koya kuwa ana iya ƙara wani a kansa. Ranar 29 ga Mayu 1913 aka fara nuna wani sabon kiɗan rawa na Igor Stravinsky a birnin Faris. 'Yan kallo suka ɓarke da ihu da zage-zage, har masu rawa suka daina jin makaɗa. Bayan shekara guda aka sake buga kiɗan a birnin, wannan karon ba tare da rawa ba, aka tashi jama'a suka ɗauki Stravinsky a kafaɗa don murna. A yau ɗaliban kiɗa a duniya suna karanta wannan aiki a matsayin ɗaya daga cikin manyan ayyukan ƙarni na 20.

Sai kuma shekaru. A 2018 wani mai nazarin alƙaluma, Seth Stephens-Davidowitz, ya duba bayanan manhajar sauraron waƙa ta Spotify ya ga cewa waƙoƙin da manya suka fi maƙale wa su ne waɗanda suka fito lokacin suna wajen shekara 13 ga mata, 14 ga maza. Wannan bai ba ni mamaki ba. A wannan shekarun ne mutum ke fara sanin kansa, ya fara so, ya fara abota ta gaske, waƙar lokacin ta shiga jininsa tare da waɗannan abubuwa. In ya girma ya ce "waƙoƙin da sun fi ma'ana", da gaske yake, amma rabin abin da yake kewa ƙuruciyarsa ce. A Janairun 1957 gidan talabijin a Amurka ya nuna mawaƙin rok Elvis Presley daga ƙugu zuwa sama kawai, don kada a ga yadda yake karkaɗa jiki. Matasan da suka taso da kiɗan rok suka girma suka zama iyaye, a 1985 kuma aka ga iyaye a gaban kwamitin majalisar dattawan ƙasar suna neman a riƙa liƙa gargaɗi a kan faya-fayen da 'ya'yansu ke saye. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Akwai ƙorafe-ƙorafen da nake goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma ba zan so a fake da maganata a yi watsi da su ba.

Na farko shi ne kiɗan dole. Ido yana da murfi, kunne ba shi da shi. Wanda maƙwabcinsa ya hana shi barci da wani kiɗa dare bayan dare zai tsani kiɗan har abada, kuma yana da gaskiya, ko da kuwa kiɗan ya fi kowane daɗi. Sojojin Amurka sun san haka sarai lokacin da shugaban mulkin sojan Panama, Manuel Noriega, ya fake a ofishin jakadancin Batikan a Panama a Disambar 1989, suka kafa manyan lasifika suka yi ta ɗura masa kiɗan rok. A farkon shekarun 2000 wasu tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan suka fara sa kiɗan klasik, wato tsohon kiɗan Turawa, don matasa masu zaman banza su watse. Rok ya zama bulala a can, klasik ya zama bulala a nan, kowanne an zaɓe shi ne don wanda ake so a kora ba ya son sa. Ga kuma batun lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Wanda ya ce a rage ƙara bai ci zarafin kowa ba.

Na biyu shi ne abin da ake faɗa a cikin waƙar. Akwai waƙoƙin da ke mai da mace kayan wasa, akwai masu kambama kisa da shaye-shaye, kuma ba na jin nauyin cewa ba na son su, ba na kuma son yaran da ke hannuna su haddace su. Uba ko uwar da ta damu da wannan tana kan hanya. Abin da nake roƙo shi ne a kama sunan waƙar, a nuna baitin, a ce wannan ne ba mu yarda da shi ba. Domin labarin kisa bai keɓanta da rap ba. Tsofaffin waƙoƙin gargajiyar Ingila da Amurka cike suke da labarin samarin da suka kashe 'yan matansu, wasannin opera kuwa da wuya a tashi ba a zubar da jini a dandali ba, amma babu mai cewa a binciki masu zuwa kallonsu. A cikin rap ɗin kuma akwai waƙoƙin da ke magana a kan uwa, da talauci, da zaluncin hukuma, da tuba, da hikimar sarrafa harshe da duk mai son magana zai jinjina wa. Ɗan ƙanwata ya zaɓo mini wasu na saurara. Ban zama masoyin rap ba, har yanzu yawancinsa ba ya shiga raina, amma yanzu ina iya cewa ga wadda na ƙi ga dalili, ga kuma wadda ta taɓa ni.

Batun na'urar gyaran murya ba zan daɗe a kansa ba. Auto-Tune ta fito a 1997, wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin girgizar sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. Kayan aiki ce. Wani yana ɓoye rashin murya da ita, wani yana ƙirƙirar sabon amo da ita da gangan. Na farkon ya cancanci suka, na biyun kuwa sai a saurare shi tukuna.

Hebi-metal fa, wanda kusan kowa ya yarda a haɗu a ƙi? Ni ma kunnena bai ɗauke shi ba, ihun da ƙarar jita suna gajiyar da ni cikin minti biyu. Amma zaton da na daɗe ina yi cewa masu jin sa mutane ne masu neman tashin hankali, shi ne ba ni da hujja a kai. A 2015 masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka tara masoya irin wannan kiɗa su 39, suka sa su tuno abubuwan da suka ɓata musu rai har suka fusata, sannan aka bar wasunsu su saurari kiɗan da suka zaɓa. Fushinsu bai ƙaru ba, lafawa ya yi, suka kuma ce sun ji ƙarfin gwiwa. Gwajin ƙarami ne, amma ya yi daidai da abin da masoya kiɗan ke faɗa da bakinsu: sautin da nake ji kamar faɗa, su a wurinsu wurin sauke kaya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abin da ke ƙara damuna shi ne manhajojin sauraron waƙa na yanzu suna koyon abin da kake so su yi ta kawo maka irinsa. Da can rediyo kan tilasta maka jin abin da ba ka zaɓa ba kafin naka ya zo, a haka wani lokaci kake tsintar abin da ba ka san kana so ba. Yanzu mutum na iya shekara goma bai ji waƙa ɗaya cikakkiya daga nau'in da yake zagi ba, kamar yadda na yi.

Ranar 12 ga Yuli 1979 aka yi wani taro a filin wasan besbol na Comiskey Park da ke Shikago. Wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, wanda ya rasa aikinsa lokacin da tasharsa ta koma sa kiɗan rawa na disko zalla, ya yi shela cewa duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga da rangwame, kuma za a tara faya-fayen a tarwatsa su da nakiya tsakanin wasa na farko da na biyu. Mutane wajen 50,000 suka cika filin. Da aka tayar da nakiyar sai dubban matasa suka kwararo cikin fili, suka kunna wuta, suka lalata wurin, har sai da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shigo. Ba a buga wasa na biyu ba, aka ba ƙungiyar da ta zo baƙunta nasara. Dahl ya sha nanata cewa shi kiɗan kawai ya tsana, ba shi da wata manufa a kan kowa, kuma na yarda da yawa daga cikin yaran da suka je wurin nishaɗi kawai ya kai su. Amma disko ya taso ne daga gidajen rawar baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka da sauran waɗanda ake yi wa kallon 'yan gefe, taron ranar kuwa kusan duk samari ne farar fata.

A cikin masu nuna wa 'yan kallo wurin zama a daren akwai wani yaro baƙar fata mai suna Vince Lawrence, yana wannan aikin ne don ya tara kuɗin sayen na'urar kiɗa. Shi ya ba da labarin abin da ya gani a bakin ƙofa: da yawa daga cikin faya-fayen da mutane suka kawo a ƙona ba na disko ba ne sam, na mawaƙa baƙar fata ne kawai, masu yin wasu nau'o'in kiɗa daban. Cikin ɗan lokaci bayan wannan dare gidajen rediyo da kamfanonin faifai suka juya wa disko baya. A wasu gidajen rawa na Shikago kuwa masu haɗa sauti irin su Frankie Knuckles suka ci gaba da sa tsofaffin faya-fayen, suna yanka su suna ƙara musu bugun na'ura, har wani sabon kiɗa ya fito daga ciki, wanda ake kira haus, da a yau ake rawarsa a kowace nahiya. Faifan da ake yawan lissafawa a matsayin na farko a wannan nau'i ya fito a 1984, kuma Vince Lawrence na cikin waɗanda suka rubuta shi.